Na Tafi Da Makullin A Aljihuna

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai karanta wannan mujalla. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin soja na kan mulki kowa na kaffa-kaffa da hukuma, ni matashin direba ne a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure. Akori-kura nake ja, ta wani attajirin garinmu, ina kwasar kwandunan tumatir da buhunan albasa daga bakin gonakin rani in fitar da su titin Kano zuwa Zariya, inda manyan motoci ke lodi su yi Kudu. Ban daɗe da aure ba, ga ƙarfi, ga baki, ga ji da kai, don a ganina duk faɗin yankin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, babu wanda ya kai ni sanin dokar hanya. Ko akuya ban taɓa bugewa ba, kuma duk wanda ya zauna da ni a tasha sai ya ji wannan maganar har ta ishe shi. To, ji da kan nan da tsoron hukuma su suka haɗu suka jawo mini abin da har yau nake kuka da shi, alhali furfura ta cika mini kai.

Ina da wani taubashi, ɗan goggona ƙanwar mahaifina, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Ya ɗan girme ni, manomin rani ne, kuma a duniya ban san wanda nake ƙauna kamarsa ba, duk da cewa wanda bai san mu ba in ya ji mu sai ya rantse gaba muke. Ni ina ce masa bawana tunda ɗan mace ne, shi kuma ya ce ai bawa shi ne mai yi wa wani dakon tumatir, saboda haka ni ne bawan. Ko a gaban surukaina bai taɓa kirana da sunana ba. Mutum ne mai shegen wasa, Allah ya jiƙansa. Akwai ranar da muna gona ya kurma ihu wai kunama ta harbe shi, ya zube yana birgima har da kakkafe ido. Na goya shi a baya tun daga gonar har ƙofar gida ina haki kamar zan mutu, muna zuwa ya dire ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa mutanen da ke zaune a dakali su taya shi yi wa jakinsa sannu. Wata rana kuma ya aiko a ce mini ya faɗa kanal ruwa ya tafi da shi, na zo a guje ba takalmi na same shi yana shan rake. Irin wannan ya yi mini ya fi a ƙirga, har na yi alkawari a raina cewa ba zai sake kama ni ba.

Akwai kuma wata magana da muka gada a tasha, mu direbobin wancan zamani, muka riƙe ta kamar karatu. Manyanmu kan ce mota in ta yi karo ta tashi daga taka ta zama ta hukuma, kada ka kuskura ka gusa da ita ko taku ɗaya sai 'yan sanda sun zo sun yi awo. Sawun taya a ƙasa shi ne mai shaidarka, shi zai nuna wa ke kan hannunsa, wa ya shiga hannun wani. In ka motsa mota ka goge shaidarka da kanka, ko kai ke da gaskiya ka zama mai laifi. Mutumin da ya koya mini tuƙi ya taɓa yin karo, ya janye motarsa gefe don ya ba mutane hanya, aka ce ya ɓata shaida, ya yi zaman gidan yari, ya fito ba lafiya ba sana'a. Da idona na ga yadda ya ƙare. Shi ya sa maganar ta zauna mini daram, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ai gudu yake. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba, shi ne yadda za a yi in akwai rai a kwance.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, na yi lodin tumatir na biyo hanyar bakin kanal. Duk wanda ya san wurin ya san hanyar, jar ƙasa ce 'yar siririya, ruwa a gefe guda, gonaki a ɗaya gefen. Ina kan hannuna, ba gudu nake ba saboda kaya. Ashe ranar ce ranar ruwan su taubashina, an sako musu ruwa, yana sauri ya je ya buɗe wa gonarsa kafin lokacinsu ya wuce. Sai kawai ya ɓullo a kan babur daga wata 'yar hanya tsakanin gonakin rake, inda ba ka ganin mai zuwa sai ya fito. Na taka birki iya ƙarfina, motar ta ja ƙasa, amma ina! Na ji ƙarar ƙarfe, na ga mutum ya tashi sama ya faɗo da ciki a bisa kan babur ɗin, sannan ya mirgina gefe. Ban ma san shi ba ne sai da na fito ina salati. Kafin in ƙarasa gare shi ya yunƙura ya zauna, ya dube ni, ya ce lallai yau bawa ya yi yunƙurin kashe ubangidansa don ya ci gado, amma Allah bai nufa ba. Wallahi da na ji haka sai da na yi dariya, wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na duba shi sama da ƙasa, babu karaya, babu jini sai ƙurjewa a gwiwar hannu da goshi.

Mutanen da ke aiki a gonakin kusa suka taru, aka kama shi aka kai shi inuwar wata bishiyar mangwaro. A cikinsu akwai wata dattijuwa daga unguwar Maguzawa da ke bayan garinmu, tana tsinkar tumatir, mun santa tun muna yara, Inna muke ce mata. Ita ce ta tsuguna kusa da shi ta ɗebo ruwa ta wanke masa fuska. Can sai ya dafe cikinsa ta gefen hagu, ya ce mini in bar wasa, cikinsa fa kamar an zuba masa garwashi, in ɗauke shi mu tafi asibiti. Ni kuwa sai ranar kunama ta faɗo mini. Na ce masa ya yi wa wani wannan, jaki ya yi wayo, yau ba mai goya shi. Ya yi ɗan murmushi, ya ce to shi ke nan, alhakinsa a wuyan bawa. Dattijuwar nan ta ɗago ta ce mini, ɗan nan, ita dai ba ta son yadda yake gumi ga shi a inuwa, in sauke kwandunan in kai shi a duba shi, in wasa ne ma ai ba a yi asarar komai ba. Na ce mata ita ba ta san halinsa ba ne, ni na san kayana.

Ba zan ɓoye maka ba, Edita, ba wasan ne kaɗai ya hana ni ba. Idona yana kan sawun tayar nan. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a jar ƙasa, ya nuna ina kan hannuna, ya nuna inda na fara birki, ya nuna ta inda babur ya shigo. Motar ba tawa ba ce, fitila ta fashe, gaba ya lotsa, mai ita kuma mutum ne mai zafi. Na ce a raina in na tayar da motar nan na bi ta kan sawun, shi ke nan na kashe kaina. Sai na tsaya a tsakiyar mutane ina ɗaga murya kamar wani alƙali, na ce kowa ya ja baya, kada wanda ya taka sawun, kada wanda ya taɓa mota ko babur, duk wanda ya taɓa hukuma za ta tafi da shi. A wancan lokacin in ka ambaci hukuma ko tari mutum ba ya yi. Na sa aka jera duwatsu aka kewaye wurin. Na ari keken wani manomi. Har na hau, sai na tuna, na sauko na koma na zare makullin motar na jefa a aljihu, don kada wani mai karambani ya motsa ta bayan na tafi. Da zan wuce, taubashina ya ɗago hannu ya ce in yi sauri, kada in tsaya cin ƙosai a hanya yadda na saba. Na ce masa ya kwanta ya huta, sarkin raki. Maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Na tuƙa keke har bakin titi, na ba wani mai shayi ajiya, na shiga bas zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa da mu. A bakin titin nan motoci ne birjik, da direbobin da na sani, da na ce wa ɗaya daga cikinsu ya shiga ya ɗauko mini ɗan'uwana da ba zai ƙi ba. Ban ce ba. Bas ɗin ma ta ƙofar asibiti ta wuce da ni, na kalli ƙofar kamar yadda ake kallon kowace ƙofa. Da na isa ofishin, ɗan sandan da ke kan kanta ya saurare ni, tambayar farko da ya yi mini ita ce ko akwai wanda ya ji ciwo. Na ce babu, ɗan'uwana ne, ƙurjewa ce kawai, yana can yana zolayar mutane. Ya sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Sai ya ce tunda babu rauni in zauna a benci, sajan mai kula da haɗarin mota ya fita wani aiki, in ya dawo sai mu tafi. Ban ga laifinsa ba, abin da na faɗa masa da shi ya yi aiki. Na zauna ina ta tsara yadda zan yi bayani, ina ma jin daɗin cewa na bi doka yadda ya kamata. Aka ɗauki jawabina, aka kira azahar, na yi salla a masallacin gefen ofishin. Har abinci na saya na ci, Edita. Wannan lomar har yau ba ta wuce mini a maƙogwaro ba.

Rana ta karkata sajan ya dawo, wani dattijo mai sanyin magana, muka samu mota muka kamo hanya. Tun daga nesa na hango taron ya ninka wanda na bari, kuma ba a kusa da mota suke ba, a gindin mangwaron suke. Ko a lokacin zuciyata ba ta yarda ba, na ce a raina wannan ja'irin ya haɗa baki da mutane ne don ya tsorata ni a gaban ɗan sanda. Na sauko ina cewa ya isa haka, ya tashi ga hukuma ta zo. Mutane suka dare suka ba ni hanya, ba wanda ya dubi idona. Na same shi a miƙe an rufe shi da zanen dattijuwar nan. Na yaye zanen, na kira shi bawana, na girgiza shi, na ce don girman Allah ya tashi, na yarda ni ne bawan, zan goya shi har gida in ya so har Kano. Jikinsa ya riga ya yi sanyi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya masu sani suka ce jini ne ya yi ta zuba a cikinsa, irin ciwon da ba a gani a waje, kuma da an kai shi da wuri da wataƙila an yi masa aiki. Rai dai na Allah ne, amma wannan wataƙilar ita ce ta hana ni barci shekara da shekaru.

Dattijuwar ce ta ba ni labarin abin da ya faru bayan tafiyata, tana faɗa tana share hawaye da bayan hannu. Ta ce ban jima da tafiya ba ya fara neman ruwa, leɓensa ya yi fari, wasan ya ragu. Wani manomi da ya taɓa yin yaron mota ya ce shi kam zai ja motar, in hukuma za ta ɗaure shi ta ɗaure shi. Ya shiga, ya laluba, babu makulli. Suka gwada ɗora shi a keke, ya kasa zama. Suka aika mutum titi da ƙafa neman mota, kafin ya je ya dawo aikin gama ya gama. Da suka ga abin na yin yawa sai suka shimfiɗa buhu suka ɗauke shi za su yi titi da shi a hannu, suna tafe suna zagina. Ta ce ba su yi nisa ba ya ce su tsaya, su daina zagin masa bawa, ba da gangan ya yi ba, shi ne ya shigo masa hanya kuma kowa ya shaida haka. Ya roƙe su su mayar da shi gindin bishiyar, wai kada in dawo da 'yan sanda a tarar ba ya nan a ce an ɓata shaida a kama ni, ga shi matata na da ciki. Suka ƙi, ya nace, ga jijjigar ɗaukar tana sa shi ihu, dole suka mayar da shi. Ta ce har ya daina magana idonsa na kan hanyar da na bi.

Sajan nan ya yi aikinsa. Ya ja igiyar awo, ya duba sawun, ya tambayi mutane, duwatsuna na nan yadda na jera su, ko ɗaya ba a taɓa ba. Da ya gama ya kira ni gefe ya ce bisa ga abin da ya gani ba ni da laifin karon, ina kan hannuna. Abin da na bar ɗan'uwana na tafi nema ke nan, ga shi na samu. Sannan ya tambaye ni a hankali wa ya ce mini ana barin mai rauni a kwance don a jira awo. Ya ce ko da na motsa motar, ga mutane sun gani, ga fasassun gilasai a ƙasa, su aikinsu ne su gano gaskiya, kuma da na ce musu akwai mai ciwon ciki da ba a zaunar da ni a benci ba. Mai unguwarmu ya iso, ya yi bayanin cewa gida ɗaya muke, ya tsaya mini, aka amince mu tafi da gawa a yi mata sutura kafin rana ta faɗi, ni kuma in koma ofis washegari. Sajan ya ce yanzu ina iya motsa mota. Aka sauke kwandunan, aka shimfiɗa tabarma a baya, aka sa shi. Na zaro makullin daga aljihu na murɗa, murɗa ɗaya ta tashi.

Labari ya riga mu isa gida, amma abin da aka gaya wa goggona shi ne mun yi karo, kuma an rasa motar da za ta kai shi asibiti. Ita a zatonta tawa ta lalace ne. Da ta ji ƙugin mota a ƙofar gida ta fito har zaure, abin da ba ta saba yi ba, mata na riƙe da ita. Ta dubi ɗanta a baya, ta dubi motar, ta dube ni ina sauka daga mazaunin direba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, ashe motar tana tafiya. Daga nan ta juya ta koma ciki. Wallahi da ta sa an ɗaure ni a turke an yi mini bulala da ya fi mini sauƙi. Ranar sadakar uku ta kira ni ɗakinta, na durƙusa na kasa ɗaga kai, ta ce ta yafe mini duniya da lahira, kwanansa ne ya ƙare, ni ma ɗanta ne, kada in sake ta ji na ce zan bar gari. Ta hana kowa a dangi ya tayar da maganar. Har ta koma ga Allah ba ta sake ambaton ranar ba, ni ne nake yi mata cefane, ni na riƙe 'ya'yan da ya bari tare da nawa. Sai dai tun daga ranar ba ta sake shiga motar da nake ja ba, ko asibiti za a kai ta sai a nemo wani direban, ni kuma ban taɓa tambayarta dalili ba.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Na san tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma karon kansa ƙaddara ce, ban isa in kauce mata ba. Amma makullin nan ba tsautsayi ne ya sa shi a aljihuna ba, hannuna ne. Na tsaya kare kaina daga laifin da ban yi ba, garin haka na aikata wanda babu kotun da za ta tuhume ni da shi, kuma babu awon da zai wanke ni. Garin neman gira na rasa ido. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana direbobi, manya da yara, da masu babur, da duk wanda Allah ya sa haɗari ya faru a gabansa: kai rahoto wurin 'yan sanda wajibi ne, ku kai, amma ku fara kai mutum asibiti. Kada ku ce ai ya tashi zaune, ai yana magana, ai babu jini. In kuma kun je ofis aka tambaye ku ko akwai rauni, kada ku yanke hukunci da idonku, ku ba likitoci ba ne, ku ce akwai wanda aka buge a je a duba shi. Ƙasa ba ta gudu, awo zai jira, amma rai ba ya jira. Wanda kuma yake da abokin wasa, in ya ce maka yana jin ciwo ka yarda da shi, gara ya yi maka dariya sau dubu ka zama jakinsa a gaban jama'a.

Duk shekara in watan cika-ciki ya kama, taubasai suka fito suna tsokanar juna a ƙofar gida, nakan shige ɗaki in turo ƙofa. Yau kowa a garinmu Baba yake ce mini, wasu su ce Alhaji, ana girmama ni, amma babu sauran mai tsayawa a zaure ya ƙwala kira ya ce ina bawan nan yake. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi wa taubashina addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.